Duruz: Shi'anci ne ya haife su, ko shirun sarki?

A watan Yulin 2025, lokacin da labarin kashe-kashen Suwaida da ke kudancin Siriya ya cika rediyo da wayoyi, ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu da daddare sai gardama ta kaure a kan ko su wane ne waɗannan mutanen da 'yan jarida ke kira Druze, Larabawa kuma suke ce musu Duruz. Wani matashi ya ce ai 'yan Shi'a ne, reshe ne nasu da ya ƙara nisa. Wani ya ce ina, Yahudawa ne da rawani, ba ku ga Isra'ila ce ta kawo musu ɗauki ba? Wani dattijo da nake ganin girmansa ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ko ma su wane ne, abin da ya same su su suka ja wa kansu." Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina shi ne, masu cewa Duruz 'yan Shi'a ne sun yi kuɗin goro, masu cewa kuma ba abin da ya haɗa su da Shi'anci sun ɓoye rabin labari. Addinin ya tsiro ne a gonar Shi'a Isma'iliyya, wannan ba gardama. Amma abin da ya ba shi ruwa har ya kama ƙasa shi ne mutum ɗaya da ya haɗa sarauta da imamanci a hannunsa, aka yabe shi har aka wuce gona da iri, shi kuwa bai buɗe baki ya ce a daina ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane wannan. Bayan rasuwar Ja'afar as-Sadiƙ a shekarar 765, mabiyansa sun rabu. Wasu suka bi ɗansa Musa al-Kazim, su ne suka zama 'yan Imamai goma sha biyu, waɗanda a yau suka fi yawa a Iran da Iraƙi da kudancin Labanon, kuma su ne Shi'ar da mutanenmu suka sani. Wasu suka ce imamanci na zuriyar babban ɗansa Isma'il ne, su ne Isma'iliyya. Waɗannan sun yi fiye da shekara ɗari suna aiki a ɓoye, suna aika masu da'awa zuwa Yaman da Farisa da arewacin Afirka, har a shekarar 909 suka kafa daula a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, ƙarƙashin Abdullahi al-Mahdi. Ita ce daular Fatimiyya. A 969 kwamandansu Jauhar ya ci Masar, ya aza harsashin birnin Alƙahira, ya gina masallacin Azhar. Mutane da yawa a wurinmu suna mamaki idan suka ji cewa Azhar, inda malamanmu suke zuwa neman digiri, 'yan Shi'a Isma'iliyya ne suka gina shi. Sai bayan Salahuddin al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular a 1171 aka fara juya akalar Masar gaba ɗaya zuwa Sunna.

Akwai wani zare da ya taɓo mu a nan. Mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, a ƙarƙashin inuwar wannan daula ya rayu, a Ƙairawan, garin da malaman Malikiyya suka ƙi miƙa wuya ga aƙidar Fatimiyawa. Ya rasu a 996. A wannan shekarar ce kuma yaro ɗan shekara 11 ya hau gadon mulki a Alƙahira, aka yi masa laƙabi da al-Hakim bi-Amrillah.

Kujerar da yaron ya hau ta bambanta da ta sauran sarakuna. Halifan Abbasiyawa a Bagadaza, komai girman rawaninsa, ba shi ke fassara addini ba, malamai ke yi, kuma suna iya ce masa ya yi kuskure. Shi kuwa halifan Fatimiyya, a wurin mabiyansa, shi ne Imam, jikan Fatima, wanda ba ya kuskure, wanda shi kaɗai ke riƙe da mabuɗin baɗinin Alƙur'ani. A koyarwar Isma'iliyya kowane hukunci yana da zahiri yana da baɗini, kuma ana hawa ilimin ne mataki-mataki, bayan an ɗauki alƙawarin riƙe sirri. Suna kuma da tsammanin cewa a ƙarshen zamani wani Ƙa'im zai bayyana ya yaye labule, gaskiyar da ke ɓoye ta fito fili. Ka haɗa wannan da baitulmali da runduna da alƙalai da masu wa'azi, duk a hannun mutum guda, kuma a daidai lokacin da shekara ta 400 bayan Hijira take ƙaratowa, mutane suna ta baza kunne ko wani babban al'amari zai faru. Bakin rijiya ke nan, kuma yaro aka tsayar a wurin.

Al-Hakim ya girma ya zama mutumin da har yau masu tarihi ba su gama warware shi ba. Yana ɗan shekara 15 ya sa aka kashe Barjawan, bawan fadar da ke riƙe masa mulki. Bayansa waziri nawa da alƙali nawa suka rasa kawunansu. A 1005 ya buɗe Darul Ilmi, gidan karatu mai ɗimbin littattafai, inda kowa zai shiga ya karanta, a ba shi takarda da tawada kyauta. A wannan shekarar kuma ya sa aka rubuta zagin Sahabbai a bangon masallatai, bayan shekara biyu ya sa aka goge, ya hana. A 1009 ya ba da umarnin rushe babban cocin Ƙudus da Kiristoci suke ɗauka a matsayin wurin kabarin Almasihu, daga baya kuma ya sassauta wa Kiristoci har ya bar wasu da aka tilasta wa musulunta suka koma addininsu. Ya sa an kashe karnukan birni. Ya hana mata fita, har ya hana dukawa ɗinka musu takalma. Ya haramta cin mulukiyya, wato lalo ɗin nan da muke miya da shi. A ƙarshen rayuwarsa ya bar ado, ya koma sa tufar ulu mai kaushi, yana hawa jaki, yana yawo cikin dare, talakawa suna tare shi a hanya su miƙa masa kokensu hannu da hannu. Wasu suna ganinsa mahaukaci. Wasu kuwa, da suka ga mutumin da yake kashewa yake rayawa, yake ba da dukiya ba lissafi, yake yin abin da hankali bai kamo dalilinsa ba, sai suka fara raɗa cewa wannan ya wuce mutum.

Masu raɗar nan masu da'awar Isma'iliyya ne, akasarinsu baƙi daga gabas. Uku ne suka yi fice. Akwai al-Hasan al-Akhram. Akwai Muhammad ibn Isma'il ad-Darazi, wanda daga sunansa aka samo kalmar Duruz. Sai babbansu a tunani, Hamza ibn Ali, mutumin Zuzan ta ƙasar Khurasan, wanda ya bayyana kiransa a fili a shekarar 1017, wato 408 bayan Hijira, shekarar da Duruz suke fara ƙirga tarihinsu da ita. Abin da Hamza ya koyar shi ne Ubangiji ya yi tajalli, ya bayyana kansa ga halitta a cikin surar al-Hakim, shi kuma Hamza shi ne Imam na wannan sabon zamani. Wani abin lura: Hamza da Darazi ba su jitu ba. Hamza ya kira shi mai girman kai da gaggawa, ya tsine masa a rubuce. Shi ya sa har gobe Duruz ba sa ƙaunar Darazi, kuma sunan da suke kiran kansu da shi shi ne Muwahhidun, masu kaɗaitawa. Sunan abokin gabarsu ne ya manne musu shekara dubu.

To, a nan ne mai cewa Duruz 'yan Shi'a ne ya kamata ya tsaya ya saurara. Hamza da kansa ya rubuta cewa zamanin zahiri ya wuce, zamanin baɗini ma ya wuce. Ma'ana shari'ar da Ahlus Sunna suke bi da tawilin da Isma'iliyya suke bi, duka biyun ya ce an shafe su. A maimakon shika-shikan da aka sani ya kawo wasu wajibai bakwai, na farkonsu gaskiyar harshe, na biyu kare 'yan'uwa, har zuwa yarda da miƙa wuya. Wanda ya ajiye salla da azumi a matsayin wajibi, ya kuma ajiye wilayar Ali wadda ita ce ginshiƙin Shi'anci, ta wace ƙofa za a mayar da shi cikin Shi'a?

Kuma wa ya fara yi musu raddi? Ba malaman Sunna ba ne. Babban masanin Isma'iliyya na wannan zamani, Hamiduddin al-Kirmani, wanda aka gayyato Alƙahira daga Iraƙi, shi ya zauna ya rubuta wasiƙa ta musamman a 1017 yana rushe maganar al-Akhram. Ya ce al-Hakim Imam ne, bawan Allah ne, imamanci zai ci gaba a zuriyarsa, shari'a tana nan daram, kuma duk wanda ya ce shi abin bauta ne ya kafirta. Hukumar da'awa ta daular ta tsaya a kan wannan. Su kuwa 'yan Imamai goma sha biyu, tun kafin nan ma sun raba gari da Fatimiyawa baki ɗaya. A 1011 halifan Bagadaza al-Ƙadir ya tara manyan malamai suka sa hannu a takardar da ke ƙaryata cewa Fatimiyawa zuriyar Ali ne, kuma cikin masu sa hannun akwai manyan Shi'ar Bagadaza irin su Sharif al-Murtada. Ƙin guluwi ma, wato wuce iyaka wajen ɗaukaka shugaba, ba sabo ba ne a gidansu. Tun zamanin Ja'afar as-Sadiƙ wani almajirinsa, Abul Khaɗɗab, ya ɗaukaka shi zuwa matsayin allahntaka, Ja'afar ya tsine masa a bainar jama'a ya kore shi. Littattafan Shi'a da kansu suna kawo wannan.

Ga bambancin da nake so mai karatu ya riƙe. An yi wa Ja'afar irin wannan yabo, ya tashi ya ce ƙarya ne. An yi wa al-Hakim, bai ce ba.

Zan yi masa adalci. Ba a samu wata takardar hukuma ko kuɗin da aka buga da sunansa da ya ce shi Ubangiji ne ba. Akwai ma lokacin da ya hana a sumbaci ƙasa a gabansa, ya hana a yi masa kirarin da ya wuce kima a wasiƙu. Shi ne kuma mai mulki lokacin da al-Kirmani ya rubuta raddinsa, bai hana shi ba. Amma wannan duk ƙara masa nauyi yake yi a wurina. Mutumin da ya iya fitar da doka a kan miyar lalo da takalman mata, aka yi shela a kasuwa, aka yi wa masu saɓawa bulala, me ya hana shi fitar da layi ɗaya a kan masu kiransa Allah? Masu tarihi sun kawo cewa ya jawo al-Akhram cikin tawagarsa ya yi masa kyautar riga, da wani ya kashe al-Akhram a kan hanya sai ya sa aka kashe makashin. Sun kawo cewa Hamza yana zaune a masallacin Raidan a wajen ganuwa, al-Hakim yakan bi ta wurin a kan jakinsa ya tsaya su keɓe. Sun kawo ranar da mabiyan wannan kira suka shiga masallacin Amru a Fusɗaɗ suka miƙa wa babban alƙali takarda da aka buɗe da sunan al-Hakim a gurbin sunan Allah, jama'a suka fusata suka far musu. Jini ya zuba, sojojin Turkawa na fada suka shiga rigimar, Darazi ya halaka, Hamza ya ɓuya na ɗan lokaci. Duk wannan a ƙofar gidan sarki, sarki yana ji yana gani. Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Hamza ya ji wannan shirun ya fassara shi da "na yarda", kuma ban ga yadda za a ce ya yi kuskuren fassara ba.

Me ya sa ya yi shiru? Ina zaton amsar ba ta da nisa da abin da muke gani a wurin shugabanni har yau. Mai yabonka da ya wuce iyaka shi ne wanda ba zai taɓa tambayarka dalili ba. Malami irin al-Kirmani yana da ƙa'ida, yana da littafi, yana da iyaka da zai ce Imam ma ba ya tsallakewa. Hamza kuwa ya koyar da cewa duk abin da al-Hakim ya yi, ko kisa ne ko hawan jaki, akwai hikima a ƙarƙashinsa. Wane sarki ne zai yi saurin korar mai irin wannan magana? Sai ya riƙe duka biyun, masu ƙa'ida a dama, masu guluwi a hagu, yana jin daɗin kowa.

Duk da haka ba zan wanke gonar gaba ɗaya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Aƙidar da ta ce akwai mutum mai rai wanda ba ya kuskure, wanda shi kaɗai ya san ma'anar da ke ƙarƙashin nassi, tana tsayar da talakan mabiyi a wuri mai santsi. Masana irin al-Kirmani sun san inda layin yake, sun iya tsayawa a kansa. Amma ba kowa ne masani ba, kuma tarihin Shi'a ya sha fama da ƙungiyoyin masu guluwi tun ƙarni na farko, shi ya sa ma malamansu suka yi ta rubutu a kan haka. Wannan gaskiya ce, kuma ɗan Shi'a mai adalci zai amsa ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan a mai da shi sandar dukan maƙwabci, a ce wa ɗan Shi'ar Zariya ko na Sakkwato "ga 'yan'uwanku masu bautar sarki", alhali shi a wurinsa Isma'il ɗin ma ba Imam ba ne, balle al-Hakim.

Kuma kafin mu miƙa yatsa mu dubi namu zauren. Cutar yabon shugaba ba ta tambayar mazhaba. Na halarci taro a ƙasar nan inda mai waƙe ya riƙe lasifika ya siffanta malaminsa da siffofin da gashin jikina ya tashi, malamin yana zaune a kan kujera yana murmushi, ana ta liƙi. Na ji kuma wani wurin, a ɓangaren da suke alfahari da cewa su ba sa guluwi, inda matashi ya ce shi ko malaminsa ya ce fari baƙi ne ya karɓa. Na ga 'yan siyasa da ake yi wa kirarin da bai dace da ɗan Adam ba. Ba na cewa wani daga cikinsu zai haifi sabon addini. Ina cewa nauyin tsayar da mai yabo yana wuyan wanda ake yabo, domin shi kaɗai ne in ya ce "isa haka" za a ji. Na taɓa ganin dattijon malami da ya yi hakan, ya miƙa hannu ya karɓe lasifikar ya ce wa yaron ya nemi gafarar Allah, shi ma bawa ne mai zunubi. Wurin ya yi tsit. Ban ga girmansa ya ragu ba ko kaɗan.

A wani dare na watan Fabrairun 1021 al-Hakim ya hau jakinsa ya nufi duwatsun Muƙaɗɗam a gabashin Alƙahira kamar yadda ya saba, bai dawo ba. Bayan kwanaki aka ga jakin, aka ga tufafinsa da alamun sukar wuƙa, ba a ga gawa ba. An zargi 'yar'uwarsa Sittul Mulk, wadda ita ta riƙe ragamar mulki bayansa ta ɗora ɗansa az-Zahir. Ga mabiyan Hamza kuwa rashin gawar nan ya zama hujja: bai mutu ba, ya shiga gaibu ne, zai dawo. Da ya mutu a kan gadonsa an yi masa wanka an binne shi a gaban jama'a, wataƙila da zancen ya bi ruwa. Ya rayu bai ba da amsa ba, ya tafi ma bai bar amsa ba.

Az-Zahir, wanda shi ma Imamin Isma'iliyya ne, ya barranta daga masu wannan aƙida ya sa aka bi su da takobi tsawon shekaru, daga Masar har Sham. Wannan ma a rubuta shi: hukumar Shi'a ce ta fara zubar da jinin Duruz. A Masar kiran ya mutu murus. Inda ya tsira shi ne duwatsun Sham, a Wadit Taim da ke gindin dutsen Harmon, da tsaunukan Shuf na Labanon, da Jabalus Summaƙ kusa da Halab. Wanda ya riƙe jama'ar a wannan lokaci shi ne Baha'uddin al-Muƙtana, yana aika musu wasiƙu daga maɓoyarsa. Wasiƙunsa da na Hamza da na wasu kaɗan ne aka tattara suka zama littafinsu mai tsarki, Rasa'ilul Hikma, wasiƙu 111. A shekarar 1043 Baha'uddin ya rufe ƙofar kira. Daga ranar ba a ƙara karɓar kowa ba.

Wannan rufe ƙofar shi ne abin da ya fi muhimmanci ga gardamar teburin mai shayi. Duruz ba sa wa'azi, ba sa neman kowa ya shiga, ko ka roƙa ba za su karɓe ka ba. Ana haifar mutum ne a ciki. A cikinsu ma kashi biyu ne: uƙƙal, masu sani, waɗanda aka yarda su karanta littafin, suna taruwa ranar Alhamis da daddare a ɗakunan ibada marasa ado da suke kira khalwa, sai juhhal, wato sauran jama'a, waɗanda su ne mafi rinjaye kuma ba a buɗe musu sirrin ba. Sun yi imani cewa ran mutum yana komawa jikin wani jariri bayan mutuwa. Suna girmama Annabi Shu'aibu, suna ziyartar wurin da suka ce kabarinsa ne kusa da Hiɗɗin a watan Afrilu, suna kuma bikin babbar salla. Yawansu a duniya bai wuce kimanin miliyan ɗaya ba, mafi yawa a Siriya, sai Labanon, sai Isra'ila, da kaɗan a Jodan. Yawancin matasan Suwaida ba su taɓa karanta layi ɗaya na Hamza ibn Ali ba.

Matsayinsu a yau kuwa, in ka duba da kyau, 'yan siyasa ne suke yanka shi, kowa daidai buƙatarsa. A Labanon, kujeru 8 da Duruz suke da su a majalisa mai kujeru 128 ana lissafa su ne cikin rabon Musulmi. A Isra'ila an sa mazansu aikin soja na dole tun 1956, aka kuma ware su a matsayin addini mai zaman kansa a 1957, domin raba su da sauran Larabawa. A Siriya, Sultan Basha al-Atrash, Baduruze, shi ya jagoranci babban boren 1925 a kan Turawan Faransa, Musulmi da Kirista suka bi bayansa. Shakib Arsalan, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan haɗin kan Musulmi, daga gidan sarautar Duruz ya fito. Kamal Jumblat, jagoran Duruz na Labanon, ya tsaya wa Falasɗinawa har aka kashe shi a 1977. Tsakaninsu da Shi'ar Labanon ma siyasa ce zalla: gidan Arsalan ya daɗe yana ƙawance da Hizbullah, mutanen Walid Jumblat ɗan Kamal kuma sun gwabza da Hizbullah da bindiga a tsaunuka a watan Mayun 2008. A 1973 Musa as-Sadr, jagoran Shi'ar Labanon, ya rungumi Alawiyawa a matsayin 'yan Shi'a, a daidai lokacin da Hafiz al-Asad, shugaban Siriya na wancan zamani wanda daga cikinsu ya fito, yake buƙatar a tabbatar masa da musulunci don kujerarsa, wannan kuma Alawiyawa ne, jama'a dabam da mutanenmu suke yawan cakuɗawa da Duruz. Duk wanda ya ce Duruz bakinsu ɗaya, ko duk 'yan amshin shatan Isra'ila ne, bai san cewa a rikicin 2025 ɗin ma shugabanninsu sun rabu ba, Shaikh Hikmat al-Hijri yana neman kariyar waje, Walid Jumblat yana gargaɗin kada a faɗa tarkon Isra'ila.

Ni Musulmi ne, kuma abin da Hamza ya faɗa a kan al-Hakim ɓata ne bayyananne a wurina, ba na sassauta wannan don a ce ni mai sauƙin kai ne. Amma tsakanin "wannan aƙida ɓata ce" da "jinin mai ita ya halatta" akwai tafiya mai nisa, kuma masu son gajarta ta kullum suna jawo fatawar Ibn Taimiyya, wadda aka bayar a zamanin Mamluk da yaƙe-yaƙen tsaunukan Labanon, shekara ɗari bakwai da suka wuce, su ɗora ta a kan manomin tuffa na yau. Mun ga abin da hakan ya haifar. A watan Yunin 2015 mayaƙan ƙungiyar Nusra, reshen al-Ƙa'ida a Siriya a lokacin, sun kashe Duruz kimanin 20 a ƙauyen Ƙalb Lauza. A ranar 25 ga Yulin 2018 'yan IS sun kashe fiye da mutum 200 a Suwaida da ƙauyukanta, suka sace mata da yara. A Afrilun 2025 wani sautin murya na ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka jingina wa wani malamin Duruz ba tare da an tabbatar ba, ya jawo kashe-kashe a Jaramana kusa da Dimashƙa. Mu da muka san abin da jita-jitar ɓatanci take yi a garuruwanmu, bai kamata wannan ya zo mana a baƙo ba. Sai na Yuli, wanda ya faro daga tare wani ɗan kasuwa Baduruze a hanyar Dimashƙa, ya zama yaƙi tsakanin Duruz da Larabawan ƙauye, sojojin gwamnati suka shigo, Isra'ila ta yi ruwan bama-bamai a hedikwatar soja a tsakiyar Dimashƙa ranar 16 ga wata, aka rasa rayuka fiye da dubu. Mayaƙan Duruz ma sun yi ta'asa a kan iyalan Larabawan, aka kwashe da yawansu daga gidajensu. Wannan ma zalunci ne, kuma ba ya goge wancan.

Bayan kwana biyu na sake haɗuwa da dattijon nan a teburin. Na nuna masa hoton bidiyon da ya yaɗu, na wani tsoho Baduruze a ƙofar gidansa, samari da bindigogi sun kewaye shi suna aske masa gashin baki da ƙarfi, abin da a al'adarsu ya fi mari ciwo. Na ce, "Baba, ka ce su suka ja wa kansu. Wanda ya yi shirun ya ɓace a dutse tun 1021. Wanda ya yi kiran ya ɓuya a shekarar. An rufe ƙofar shiga a 1043, shekara 982 ke nan. Wannan tsohon haihuwarsa aka yi ya tarar, kamar yadda aka haife mu muka tarar. Me ya ja?" Baba ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Da ya miƙo mini sai ya ce tsohon ya yi kama da wani yayansa da ya rasu.